Logbuk ɗin makaranta: in sa shi cikin takardun neman aikin NP ko in bar shi a gida?

Maman Afnan, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan jinya, musamman waɗanda suka daɗe a nan Saudiyya. Shawara nake nema, kuma abin ya ɗan matso, don wani asibiti ya kira ni ganawa nan ba da jimawa ba.

Ni nas ce. A Kano na yi karatuna na farko, na yi aiki a can, sannan na zo Jidda na yi shekaru a sashen gaggawa na wani asibiti mai zaman kansa. Da maigida ya samu tafiya Amurka ƙaro karatu sai muka tafi tare. Na zauna jarrabawar NCLEX na samu lasisin can, daga nan na shiga digiri na biyu na NP, ɓangaren lafiyar iyali. Ga wanda bai san shi ba, NP nas ce da aka ƙara wa horo har ta kai ta duba marar lafiya da kanta, ta tura shi gwaji, ta faɗi abin da ke damunsa, ta rubuta masa magani. A Amurka abin ya daɗe, tun 1965 aka fara shi a Jami'ar Kolorado, kuma yau a fiye da rabin jihohinsu NP tana aikinta ba sai likita ya sa mata hannu ba. Na gama, na ci jarrabawar AANP, hukumar da ke ba NP shaidar ƙwarewa, karatun maigida ya ƙare muka tattara muka dawo.

To ga inda gizo ke saƙar. Ban taɓa yin aikin NP na albashi ba. Abin da ke hannuna daga wannan karatun, bayan shahada, wato takardar kammala karatu, da lasisi, shi ne logbuk, kundin marasa lafiyar da na duba lokacin horo. Makarantarmu da wata manhaja mai suna Typhon take amfani, duk marar lafiyar da ka gani sai ka shigar da shi: shekarunsa, mace ce ko namiji, abin da ya kawo shi, lambar cutar, minti nawa ka yi da shi, maganin da aka rubuta, sannan ka zaɓa ko kallo ka yi, ko tare kuka yi da malama, ko kai ka ja ragamar. Ni a cikin mota nake cikawa, a filin ajiye motoci na asibitin, kafin in ɗauko yara, don in na kai gida rabin abin ya tashi daga kaina. Wata rana hannuna yana rawar sanyi ina dannawa. A ƙarshen kowane zango malamar da ke sa mini ido ta duba awoyin ta sa hannu. Hukumomin jarrabawa ba sa barin mutum ya zauna sai ya yi aƙalla awa 500 yana duba marasa lafiya ƙarƙashin kulawa, sabon ma'aunin makarantun NP na 2022 ma awa 750 yake nema, kuma nawa sun wuce wannan.

Wata ƙawata ta ce in rubuta zangunan nan a sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki, ƙarƙashin gogewar aiki, in ce na yi shekara guda a asibitin iyali a Amurka, tunda ai da gaske na yi, kuma wa zai bincika. Raina bai kwanta da hakan ba, amma kuma in na bar wurin babu komai sai takardata ta zama ta nas ɗin gaggawa kawai wadda ta ɓace shekaru ta dawo da digiri. Sannan ranar ganawa, in buga logbuk ɗin gaba ɗayansa in tafi da shi? Babu sunan kowa a ciki, amma akwai kwanan wata da sunan asibiti da shekarun mutane, akwai kuma 'yan bayanan da nake rubuta wa kaina a ƙasan kowane.

Wallahi ba na son wahalar nan ta tafi a banza. A cikin shafukan nan na koyi yadda ake zama da mai hawan jini wanda ya daina shan magani, a gano dalilinsa ba a yi masa faɗa ba. A ciki na fara duba ƙafar mai ciwon suga da ɗan siririn zaren nan na gwaji, na ga mutum yana ce mini lafiya lau alhali yatsunsa uku ba sa jin komai. Ina so wanda zai ɗauke ni aiki ya san na iya wannan, ban dai san ta wace ƙofa zan shigar da shi ba. Wanda ya bi wannan hanya, ko yake zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, don Allah ya taimaka.

Hajiya Sista, Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da dawowa, Allah ya sa albarka a karatun. Na daɗe ina aikin nan a Makka kuma ina cikin waɗanda ake zaunarwa a yi wa sababbin nas-nas tambayoyi, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Shawarar ƙawarki kada ki ɗauka. Na san don tana son ki ne ta faɗa, amma ba ta san yadda takardu ke tafiya a nan ba. Gogewar aiki a wurin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ita ce abin da kika yi bayan kin karɓi shahada, a matsayin ma'aikaciya, kuma akwai takardar khibra, wato shaidar kin yi aiki, daga wurin da kika yi, da ranar farawa da ranar gamawa da hatimi. Duk abin da kika rubuta, DataFlow, kamfanin da ke tantance takardu, za su koma wa wanda ya ba da takardar su tambaye shi. To in suka rubuta wa wannan asibitin iyali na Amurka suka ce wance ta yi muku aiki, me za su amsa? Za su ce ɗaliba ce ta zo horo. Wannan amsar ita za ta shiga rahotonki, rahoton kuma ya bi ki har cikin Mumaris Plus, shafin rajista na Hukumar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ramin da ake tono shi da imel. Na ga yarinya mai hannu, wadda in ta saka wa jariri kanula, robar nan ta jijiya, ba ka jin kukansa sau biyu, ta rasa aiki saboda ta ƙara wa kanta watannin imtiyaz, wato horon asibiti na ƙarshen karatu, a cikin shekarun aiki. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Kuma me ya sa kike raina shekarunki na gaggawa? Su ne jarinki. Nas ɗin da ta yi dare a sashen gaggawa a Jidda, ta san harshen mutane, ta san yadda ake magana da dangin marar lafiya su goma a bakin ƙofa, ta san tsarinmu na rubuta fayil, ba ƙaramar kadara ba ce. Su za ki sa a sama, da takardar khibrarsu.

Amma ban ce ki jefar da logbuk ba. A'a. Ki buɗe masa nasa kan magana a ƙarƙashin karatu, ki kira shi da sunansa: horon asibiti lokacin digiri na biyu. Abin da nake so in gani a gabana shafi ɗaya ne, in ya yi yawa biyu. Kowane zango ki rubuta irin wurin, misali asibitin iyali a karkara, ko asibitin yara, ko na mata, da awa kaza, da marasa lafiya kaza, da tsakanin shekaru kaza zuwa kaza. Sai cututtukan da suka fi zuwa miki. Ki rubuta su da sunansu, kada ki jera mini lambobi, domin lambobin da kuka yi aiki da su ICD-10-CM ne na Amurka, mu nan ICD-10-AM muke bi, samfurin Ostareliya, kuma lambobin CPT na kuɗin aiki ba ruwanmu da su. Manhajar taku tana fitar da jimilla da zane-zane, ki ɗauki jimillar ki sake rubutawa da hannunki yadda mutum zai karanta a minti biyu.

Wurin da na fi tsayawa in na karɓi irin wannan takarda shi ne wancan zaɓin da kika ambata, na kallo ko tare ko ke kaɗai. Nan gaskiyar mutum take. Wata za ta rubuta mini ta ga marasa lafiya ɗaruruwa, in tambaye ta nawa ne a ciki ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta ɗauki tarihi, ta duba, ta fito ta gaya wa malamarta ga abin da nake zato ga abin da zan yi, sai ta yi shiru. Ke ki raba su tun a takarda. Ɗinkin rauni: na yi kaza da hannuna, na taimaka a kaza, na kalli kaza. Tsaga maruru a matse, gwajin bakin mahaifa, saka robar tazarar haihuwa, karanta awon zuciya na ECG, duk haka. In abu sau biyu kika yi, ki rubuta biyu. Wallahi na fi yarda da mai biyu na gaskiya a kan mai hamsin da ba ta iya gaya mini lambar zaren da ta yi ɗinkin fuska da shi ba.

Ga dalilin da ya sa wannan shafin zai yi miki amfani fiye da yadda kike zato. A nan sunan NP ba ya zuwa da ikonsa kamar yadda kika saba gani a can. Abin da za a bar ki ki yi, kwamitin asibitin ne yake zama ya rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ta yi ita kaɗai, wannan sai da likita a kusa, wannan ba yanzu ba. Asibitin da ke neman shaidar inganci daga hukumar CBAHI ta Saudiyya ko JCI ta ƙasa da ƙasa dole ya nuna a kan wace hujja ya ba ma'aikaci kowane izini. Ke da ba ki da shekarun aikin NP, hujjarki ta farko ita ce wannan logbuk ɗin da sa hannun malamanki. Don haka ko ba a kalle shi ranar ganawa ba, za a neme shi ranar da fayil ɗinki ya je gaban kwamiti.

Ki rubuta wa malamanki biyu, waɗanda kika fi daɗewa da su, su yi miki wasiƙa a takardar asibitinsu mai tambari, da imel ɗin aiki ba na gida ba. Ki tura musu taƙaitaccen shafin don su tuna, su ma ɗalibai da yawa ne suka bi ta hannunsu. Wasiƙar da ta ce na gan ta tana duba mai ciwon suga daga farko har ƙarshe ta fi wadda ta ce tana da ladabi da ƙwazo.

Baban Walid, Riyad

Salam. Hajiya ta faɗi gaskiya a kan DataFlow, ba ni da abin ƙarawa. Amma Hajiya ki yi haƙuri, ni ina ganin kin ba logbuk ɗin nan girman da bai kai ba. Na yi digiri na biyu a waje na dawo, na nemi aiki a wurare, babu wanda ya taɓa ce mini ina littafin horonka. Tambayar farko ita ce mene ne tasnifinka, wato matakin da Hukumar ta ajiye ka, ta biyu iƙamarka, takardar izinin zama, a hannun wa take, ta uku yaushe za ka fara.

Maman Afnan, ni abin da zan ce ki sa ƙarfinki a kai shi ne tasnifi. Matakan nas a wurin Hukumar sanannu ne, daga ƙasa zuwa sama: fanni, akhisa'i, akhisa'i awwal, istishari. Ki shiga Mumaris ki ga a wane mataki kike yanzu, rajistarki tana raye ko ta mutu lokacin da kike Amurka, sannan ki shigar da sabuwar shahadar. Muddin ba a ɗaga ki ba, asibiti a kan tsohon matakinki zai yi miki kwantiragi da albashi, ko da kin kawo logbuk cike da akwati. Ki sabunta takardun horon ceton rai na BLS da ACLS, ki nemo takardar kyakkyawan hali daga hukumar jinya ta jihar da ta ba ki lasisi, ita ma tana da wa'adi, kada ki nemo ta da wuri ta tsufa a hannunki.

Kuma kafin ki shiga ganawar nan ki roƙe su bayanin aikin a rubuce. Wasu wuraren suna rubuta NP a talla, in ka je ka tarar aikin nas ne na yau da kullum da ƙarin rubuce-rubuce. In kin yarda da hakan don ki sa ƙafa, babu laifi, da yawa daga nan suka fara. Amma ki shiga da idonki a buɗe.

'Yar Mai Wurno, Madina

Assalamu alaikum. Ni ba NP ba ce, nas ce kawai, daga Sudan, amma maganar logbuk ta taɓa ni shi ya sa na shigo.

'Yar'uwa, kafin ki yi tunanin sibi ko ganawa, yau ɗin nan ki buɗe kwamfuta ki sauke komai. Jimilla, awoyi, takardun da malamai suka sa wa hannu, duka. Ki aje a waya, ki aje a imel, ki buga kwafi ki ba maigida ya sa cikin takardun gida. Shafin makaranta ba naki ba ne, wata rana za ki zo shiga ki tarar an rufe.

Mu namu na takarda ne, littafi mai bango, kowace hidima da layinta da wurin sa hannun sista mai kula da ɗaki. Karɓar haihuwa, saka bututun fitsari, ƙarin jini, wankin rauni, sai an sa hannu ake lissafa maka. Na gama karatu na gama imtiyaz, littafin yana cikin akwatina a Wad Madani. Yaƙi ya fara a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, muka ce mu nan lafiya, har mutanen Khartum wurinmu suke gudowa, asibiti ya cika ba masaka tsinke. A watan Disamba na shekarar yaƙin ya iso Madani. Mun fita da kayan jikinmu da fasfo, muka nufi Sinnar, daga baya Gadarif, daga nan Bur Sudan. Ba wanda ya tuna da littafi a ranar.

Da na zo neman rajista a nan, shahada tana hannuna don na taɓa ɗaukar hotonta. Amma lokacin da aka nemi bayanin awoyin horo, nawa a ɗakin tiyata, nawa a ɗakin yara, nawa a ɗakin haihuwa, ba ni da abin nunawa, kuma makarantu a lokacin a rufe suke, ma'aikata sun watse, wasu suna Masar wasu suna Kassala. Ba laifin kowa ba ne, su ma ta ransu suke yi. Abin da ya cece ni hotuna ne na wasu shafuka da na taɓa tura wa yayana ta WhatsApp ina nuna masa na karɓi haihuwa ta farko. Da su, da wata malamarmu da Allah ya haɗa mu a Jidda ta gane sa hannunta, aka samu bakin zaren har makaranta ta dawo aiki ta ba da takarda. Na yi watanni a zaune ina jira, yayana ne yake ciyar da ni.

Saboda haka ki nemi makarantarki ta ba ki takarda guda mai hatimi da ke cewa wance ta yi awa kaza na horo a asibiti, a zango kaza da kaza, ido da ido ba ta intanet ba. Ki haɗa da bayanin darussa. Yanzu da suke tune da ke abin na kwana kaɗan ne. Baban Walid ya ce ba a tambaye shi ba, Allah ya yi masa sauƙi ne. Ni an tambaye ni.

Ƙannena da ke imtiyaz yanzu, a Makka ne ko Madina ko gida, duk ƙarshen wata ku ɗauki hoton shafukanku. Ku dai rufe lambar fayil ɗin marar lafiya da ɗan takarda kafin ku ɗauka.

Maman Afnan, Jidda

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwata ta Madina, Allah ya mayar muku da alheri, ya kawo zaman lafiya Sudan. Ina karanta saƙonki na tashi na sauke komai, na kuma rubuta wa ofishin makaranta a kan takardar awoyi.

Baban Walid na gode, rajistata tana raye, na sabunta ta kafin mu dawo, kuma na shigar da sabuwar shahadar, tana hannun DataFlow. Zan nemi bayanin aikin kamar yadda ka ce, ban yi tunanin wannan ba.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin sauke mini dutse daga ƙirji. Na zauna daren jiya na raba su kamar yadda kika ce. Abin da na gani ya ba ni ƙarfin gwiwa ta wani gefen: hawan jini, suga, ciwon maƙogwaro da kunne na yara, awon lafiyar jarirai da rigakafi, mafi yawansu ni na ja ragama. Ta wani gefen kuma ya nuna mini inda nake da rauni. Robar tazarar haihuwa kallo na fi yi, ɗinki kuwa abin da na yi a makaranta bai kai abin da na taimaka aka yi a sashen gaggawa a nan ba. Haka zan rubuta.

Saura tambaya ɗaya. In suka ce in ba su labarin wani marar lafiya da na duba, ya halatta in ɗauko daga logbuk? Akwai wata dattijuwa da ba na mantawa. Ta zo da jiri da faɗuwa, 'yarta na cewa tsufa ne. Na ce a kawo mini duk magungunan da take sha, aka zazzage mini jaka a kan tebur, na tarar tana shan maganin hawan jini iri ɗaya sau biyu, ɗaya da sunan kamfani ɗaya da sunansa na asali, likitoci biyu ne suka rubuta ba wanda ya san da na ɗayan. Na auna jininta a kwance da a tsaye, na ga yadda yake faɗuwa in ta miƙe. Na kai wa malamata, muka cire ɗaya, da ta dawo jirin ya tafi. Ina so in ba da wannan, amma ina tsoron kada ya zama na tona asirin marar lafiya.

Hajiya Sista, Makka

Wannan labarin shi za ki bayar, kuma yadda kika ba mu shi yanzu haka za ki ba su. Kin ce dattijuwa, ba ki faɗi suna ba, ba ki faɗi gari ba, ba ki faɗi wata ko shekara ba. Babu wanda zai gane ta. Abin da ba na so shi ne ki ɗauko bugaggen logbuk mai kwanan wata da sunan asibiti da ainihin shekarun mutum ki ajiye a teburin wasu. Ƙa'idojin sirrin marar lafiya na dokar HIPAA ta Amurka da kuka karanta sun lissafa abubuwa 18 da ake gane mutum da su, kwanan wata yana ciki, haka shekarun wanda ya haura 89. A ƙaramin gari, ranar zuwa da shekaru da cutar da ba a cika gani ba sun isa a san ko wane ne. Mu ma nan muna da dokar kare bayanan mutane, ta fara aiki a Satumba 2023, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai. Ni kaina in mai neman aiki ta miƙo mini tulin bayanan marasa lafiyar wani wuri, abin da zai zo raina shi ne gobe namu za ta ɗauka ta kai wani wurin. Cikakken ya zauna a gida. In kwamiti ya nema a hukumance, sai ki ba da jimillar da makaranta ta buga wa hatimi, ki cire bayananki na ƙasa.

Baban Walid, ban ƙi taka ba, tasnifi shi ne gaba. Amma kai aikin da ka nema kowa ya san iyakarsa. Ita tana neman aikin da asibitoci da yawa a nan yanzu suke koyon yadda za su tsara shi, kuma likitan da zai zauna a ganawar wataƙila bai taɓa aiki da NP ba. Sai ta nuna masa da takarda abin da aka horar da ita a kai.

Ƙanwata, abu na ƙarshe, ki duba abin da babu a logbuk ɗinki, don daga nan tambaya mai wuya za ta fito. Kin yi horo a ƙasar sanyi, za ki yi aiki a Jidda. Zazzaɓin dengi yana nan tun 1994, kin san shi daga sashen gaggawa, ki sake karanta alamominsa na haɗari. Cutar numfashi ta MERS a Jidda aka fara gano ta a 2012, har yau duk mai zazzaɓi da tari ana tambayarsa ko ya kusanci raƙuma. Sikila tana da yawa a Jizan da yankin gabas, gwajin kafin aure ya zama dole tun 2004, kuma ke 'yar Kano ba sai an koya miki ciwon sikila ba, ki faɗa musu haka. Bugun zafin rana kuwa, mu da muke Makka mun ga abin da ya faru a Hajjin 2024, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Sannan mai ciwon suga da ya ce zai yi azumin Ramadan: yaya za ki gyara masa lokacin shan maganin suga na metformin, yaya za ki yi da mai allurar insulin, a wane awo za ki ce masa ya karya. Ina da tabbacin za a yi miki wannan tambayar ko makamanciyarta. In an zo kan abin da ba ki yi a matsayin NP ba, ki ce ban yi shi a horo ba, na gan shi a gaggawa, ga abin da na karanta, kuma zan so a sa mini ido a kai da farko.

Ke ma ki yi musu tambaya kafin ki tashi. Wane likita ne zai tsaya miki a watannin farko, marasa lafiya nawa za ki gani a rana, wa zai sa hannu a takardar magani, kuma bayan wata nawa kwamiti zai sake duba izininki. Ranar da kika fara aiki ki buɗe sabon littafi na kanki, ba suna ba lambar fayil, ki riƙa rubuta abin da kika yi da wanda ya gani, don shi za ki kai musu a wancan zaman.

Ki turo mini shafin ta saƙon sirri in duba miki kafin ranar. Ina aikin dare wannan satin, bayan sallar Asuba nake samun zama.